Ni Ne Talaka?

Zubairu na jinyar ƙafar da ya gurɗe a kan moto, wato babur, sai ga saƙo daga Halimatu, malamar lakwal, wato makarantar boko, wadda yake so a Tasawa: "Mon pauvre Zubairu!"

Shi bai yi lakwal ba, bai jin Faransanci, sai ya miƙa wa abokinsa Sirajo wayar. Sirajo ya ƙura mata ido, ya ce, "Pauvre dai talaka ke nan. Cewa ta yi kai talakanta ne."

"Ni? Ni ne talaka?"

Ran Zubairu ya ɓaci. Ya daɗe yana jin nauyin tura manya gidan su Halimatu, amma wannan gori ya fi ƙarfinsa. Gari na wayewa ya kora shanunsa kaf daga garinsu Baudeta, yana ɗingishi, har ƙofar gidan Baffa, mahaifinta. Su gani da idonsu!

Baffa ya fito, ya dubi garken, ya washe baki. "Alhamdu lillahi! Yau dai ka zo neman aure. Amma ɗana, sadakin ya yi yawa, karsana guda ta isa."

Mata suka ɓarke da guɗa. Da Zubairu ya samu Halimatu a zaure, ya yi ƙasa da murya: "Don mi kika ce mini talaka?"

Ta yi dariya har da hawaye. "Tausayi ne fa! Kamar in ce, wayyo, sannu bawan Allah." Ta leƙa shanun. "Da na san haka, ai da tun bara na rubuta."