Hannun Zuwaira Ya Kai Kunne

A taƙaice, kamar yadda rahoton hukuma ya bayyana, an raba makarantun firamare tsakanin coci da gwamnati cikin lumana. An kafa wa kowace makaranta ƙofa mai magana, wadda ta san addinin uban kowane yaro.

Malama Rifkatu ta shekara talatin tana koyar da 'yan aji ɗaya a makarantar mishan ta garinsu. Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai ta zo da jikarta Zuwaira, 'yar ɗanta da ya musulunta, wadda take riƙo tun rasuwarsa.

"Barka da asuba, Malama," in ji ƙofar cikin ladabi. "Ke ki shige. Yarinyar ta gwamnati ce, motar makarantar kwana tana tafe."

"A bayana ta girma. Ni zan koya mata karatu."

"Ta gwamnati ce, Malama."

Zuwaira ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunnenta, yadda ake gwada yara a da kafin a ɗauke su. Shekara guda ta yi tana gwadawa a tsakar gida.

"Kaka, gaya mata ya kai! Wallahi ko wuya ban karkatar ba!"

"Ya kai, ƙawata. Sauke hannun."

Ba ta sauke ba har motar ta iso.

Abin da rabon ya ci a wannan gida: tabarma ɗaya da aka naɗe, kwano ɗaya da aka kife, da tafiyar kilomita sittin, wadda doka ta yarda tsohuwa ta yi sau biyu a shekara.