Kwalta a Doguwar Kujera

Karo na uku ke nan matar akawu tana dawowa daga shagon ɗinkinta ta tarar da baƙin tabo a doguwar kujerar falo. Kwalta ce, ko tantama babu. To, me ya haɗa kwalta da gidan mutumin da aikinsa biro da takarda?

Ai ta san mai ita. Tun da aka fara gyaran babban titi, wata mai sayar wa leburori abinci ta kafa rumfa daf da gangunan kwalta, zanenta duk ɗigo-ɗigo. Ranar nan a kasuwa, a gaban idonta, matar ta gaida mijinta har da fara'a, wai, "Malam, jiya ba ka cinye ba." Ji mata, ba ka cinye ba! A gida kuwa loma biyu zai yi ya ɓingire da barci.

Ta ɗauko tsumma da ruwan zafi tana dirza kamar fuskar matar ce. Tabon sai ƙara yaɗuwa yake.

"Kash, ba haka ake yi ba," in ji maigidan. Ya ɗora ƙanƙara har kwaltar ta daskare, ya kankare da bayan cokali, ya ɗiga kalanzir a auduga yana dannawa daga gefe zuwa tsakiya, ya bi da kumfar sabulu. Tas!

Mutumin da ko ƙwan fitila bai iya canjawa ba! Wa ya koya masa? Kishi ya turnuƙe ta. Ta ƙudura in zarginta ya tabbata, gobe a gidan iyayenta za ta kwana.

Washegari da tsakar rana ta rufe shago ta dira a rumfar.

"Baiwar Allah, me ke kai ki falona?"

"Falonki? Ni ko ƙofar gidanku ban sani ba."

"To a ina kika san mijina?"

Mai abinci ta dube ta. Ta ɗaga ludayi ta nuna cikin hayaƙi, inda wasu maza suka naɗe fuska da tsumma suna tura baro.

"Na biyun can, 'yar'uwa. Wata uku ke nan da rufe ofishinsu. A bayan rumfata yake canja kaya, ya ce gara rana ta ƙone shi da ki ji."