Manomin da Ya Gyara Wuƙar Kakansa

Sallau, tun shekaranjiya nake ganin kana juya maganar da za ka je ka yi wa mutanen nan da suka gayyace ka, ka ƙara nan, ka rage can, har idonka ya faɗa. Jawo tabarma ka zauna in ba ka misalin wani manomi.

Mutumin nan yana da wata tsohuwar wuƙar aljihu, irin mai naɗewa, wadda kakansa ya zo da ita daga fataucin goro a Gwanja. Ƙotarta ta ƙaho ce, ta ɗan tsage a gindi, ruwanta kuma ya yi baƙi don tsufa. Shi dai rake yake ferewa da ita, ya yanke igiya, ya mayar aljihu. Wata damina masararsa ta kai gwiwa, ganyenta ya fara yin rawaya don rashin taki, gida kuma babu ko sisi. Ka san masara ba ta jiran kowa. In lokacin taki ya wuce, ko rumbun taki ka juye mata daga baya, kara za ka girbe.

Ran kasuwa yana zaune a gindin ɗorawa yana fere rake, sai wani baƙo ya tsaya ya roƙi ya ba shi wuƙar ya gani. Irin mutanen nan ne masu bin ƙauyuka suna tara tsofaffin wuƙaƙe, ba don yanka ba, don sha'awa kawai. Ya buɗe ta, ya rufe, ya saurari ƙarar da take yi. Sannan ya ɗora babban yatsa a gindin ruwan, inda baƙin ya fi yawa, ya daɗe yana murzawa bai ce uffan ba. Tambarin maƙerin da ya ƙera ta yake lalubawa, wani ɗan mitsitsin zane, domin a wurin masu wannan harka tambarin nan da baƙin tsufan nan su ne darajar wuƙa. Manomi bai san haka ba. Baƙon ya yi tayin da zai isa sayen buhu biyu na taki, ya ce amma bai riƙo kuɗi ba, a ajiye masa sai kasuwa mai zuwa.

Da wani ne, da ya tafi gida yana murna. Shi kuwa yatsan nan da shirun nan ne suka bi shi har gida. Ya ce a ransa, tsatsa mutumin nan ya gani, kunya ce ta hana shi faɗa, in ya je ya yi tunani fasawa zai yi. Tuwo ya daina shiga. Da safe ya je gona ya ga rawayar ta hau sabon ganye, ya dawo ya buɗe wuƙar, sai ya ga aibunta ya fi na jiya yawa. Ya nemi toka da lemon tsami ya dirje ta. Baƙin ya ragu, amma sai ƙwarzanen da yake rufewa suka fito fili. Ya koma kan yashi. Yashi bai gamsar da shi ba, ya kai ta wurin mai wasa wuƙa na keke, ya ce a ci gindin nan sosai, nan ne mai saye ya fi dubawa. Dutse ya yi ta tartsatsi har ruwan ya yi fari fat, ya kuma sirance. To, da ruwa ya yi haske, sai tsohuwar ƙotar ta zama abin kunya a idonsa. Matarsa ta ce masa mutum ya ga abu da idonsa ya ce yana so, mene ne kuma na taɓa shi? Ya ce mata ita ba ta san ciniki ba. Ya kama zakaran gidan ya sayar, ya biya maƙeri ya cire ƙahon ya sa mata sabuwar ƙotar roba ja, ya ɗaure ƙusar har sai da ƙarfi take buɗewa. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, tsoron kada baƙon ya ƙi zuwa ya maye gurbin tsoron tsatsa.

Baƙon bai saɓa alkawari ba. Ya zo da kuɗinsa a aljihu, suka gaisa, manomi ya kwance tsumman da ya naɗe ta a ciki ya miƙa masa. Mutumin ya juya ta, ya buɗe da ƙyar, ya karkata ta wajen rana, ya duba wannan gefe ya duba wancan.

Ya ce, “Malam, ina wadda na gani ran nan?”

Manomi ya ce, “Ai ita ce. Gyara maka ita na yi.”

Baƙon ya naɗe ta a hankali ya mayar masa a tafin hannu. Ya ce, “Allah ya ba da lada. Amma irin wannan tana nan jibge a faranti a bakin tasha. Waccan na zo saye, ita kuwa babu ita kuma.”

Bai yi faɗa ba, bai rage tayi ba, sallama kawai ya yi ya wuce rumfar 'yan koli. Manomi ya daɗe tsaye da jar wuƙa a hannu, ga hadari yana haɗowa daga gabas, ruwan da zai sauka a kan masarar da ba ta ga taki ba. Shekarar nan kara ya girbe.

Saboda haka, ɗana, mutanen nan sun riga sun gan ka yadda kake, kuma su suka ce ka zo. Ka bar maganarka haka nan, ka je ka ci abinci. Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.