Ɗigo Na Uku

Tun da aka kafa dokar ƙone duk lambun da aka samu asu mai ɗigo uku a fiffike, Lantana ce mai dubawa a garinsu. Barau, wanda ƙaryarsa ta sa aka ƙone lambun mahaifinta, ya kawo asu cikin kwalba.

"'Yata, duba mini. A lambuna na fadama na kama shi."

Ɗigo biyu ne, ɗan fadama marar ɓarna.

"Baba, jira a waje, kana tare mini haske."

Ta zaro tsinken kwallinta, ta ɗiga na uku, sannan ta kira shi.

"Je ka kwance awakinka, Baba. Namu a ɗaure suka ƙone."