Kifi Ma An San Inda Ya Kwana

Da la'asar ce, Mama tana shiƙar dawa a tsakar gidanmu na Dabai, ni kuma ina rungume da rediyon Baba, wanda muka ɗaure murfinsa da roba. Baba soja ne. Tun da aka tura su bakin daga ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Duk ofishin da Mama ta je, sai a ce ta dawo wani satin.

Mai labarai ya ce masu bincike suna maƙala wata 'yar na'ura a bayan manyan kifayen teku, waɗanda suka fi tirela girma. Duk inda kifin ya yi ƙaura, tauraron ɗan'adam zai nuna musu.

Na ce, "Mama, kin ji? Har cikin ruwa!"

Ta ajiye faifan, ƙaiƙayi ya cika mata gira.

Ta ce, "Kifi ma an san inda ya kwana. Kashe, kada batir ya ƙare."

Yau taswirar kifayen tana cikin wayata. Nakan buɗe, in ga ɗigo yana ratsa teku, in rufe. Mama ta rasu tana jiran wani satin.