Tarkon da Na Ɗana wa Tela

Tun da hantsi na hau saman kwano na daidaita dish, na sauko na goge gilashin talabijin da gefen rigata. Yau ake buɗe kakar wasa, ƙarfe huɗu, mu da masu farar riga. Na zuba wa janareta mai ko da za a ɗauke wuta. Na jawo kujeru biyu na haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ɗaya tawa, ɗaya ta maƙwabcina Tela.

Ba don ƙauna na gayyace shi ba.

Shekara shida ke nan wata lambar waya tana cin mutuncina. Da alƙalin wasa ya hura usur na fara wasa, sai saƙo ya shigo: "Koci, an tanadi hankicin share hawaye?" In aka zura mana ƙwallo, wani ya biyo baya: "Koci, ka shiga raga da kanka mana." Ni makaniken babur ne, ko kaza ban taɓa horarwa ba. Don ina yi wa talabijin tsawa ne mai lambar ya laƙa mini sunan. In na kira lambar, a kashe take. Yana yin harbinsa sai ya kashe waya, matsoraci.

Kuma ya san abin da bai kamata ya sani ba. Ranar da na yi jifa da kofi ya fashe, ya rubuto a saya mini na roba. Ranar da na sa rigar ƙungiya a baibai don neman sa'a, ya sani. To wa ke da shago a jikin bangon falona, tagarsa na kallon tawa? Wa ke bin masu farar riga kamar su suka haife shi? Tela.

Matata ce ke tare ni duk lokacin da na miƙe zan same shi. "Ka rabu da bawan Allah, ba shi ba ne," in ji ta. Haka take, ba ta ganin laifin kowa. Ƙwallo kuwa ba ruwanta da ita. Da an fara sai ta shige kicin ta ja ƙofa, ta kunna ɗan rediyonta. Sai an tashi za ta fito da shayi tana cije leɓe, ta ce, "Wa ya ci?"

Ta rasu ana hutun kakar wasa, wata biyu ke nan. Ciwon kwana huɗu. Da Tela ya zo ta'aziyya, ya dafa kafaɗata ya ce, "Bana wa zai riƙa ba ka haƙuri in an lallasa ku?" Wai shi lallashi yake yi. Daga ranar na ƙulla a raina. Zagin nan na jure shi ne saboda akwai mai fitowa da shayi a bayansa. Bana babu.

Dabarar mai sauƙi ce. Kafin ya turo saƙo dole ya kunna waya. Ana hura usur zan kira, yana zaune a gefena. In ta yi ƙara a aljihunsa, maƙwabtakar shekara ashirin ta ƙare a nan. Na tura sifana, ƙarfen kwance noti, ƙarƙashin kujerata, ban tsaya tambayar kaina me zan yi da ita ba.

'Yata ta fari ta zo tun safe tana tattara kayan uwarta a kicin, tana ware na bayarwa. Ta leƙo falo, idonta jajir.

"Baba, kana da caja mai siririn baki?"

"Duba cikin durowa. Kuma kar ki taɓa mini soket ɗin talabijin."

"Ƙwallo dai, ƙwallo dai," ta ce, ta koma.

Huɗu saura kwata Tela ya yi sallama, ya ci farar rigarsu har da guga. Ya zauna ya miƙe ƙafa kamar gidan ubansa.

"Maƙwabci, yau da hannunka ka kira mai yanka ka?"

"Zauna dai."

"Na ji kun sayo sabon mai tsaron gida. An ce ko tulu aka jefa masa sai ya wuce."

Babbar wayarsa na kan cinyarsa, amma ba ita nake kallo ba. Aljihun wandonsa na hagu ya yi tudu, daidai girman ƙaramar waya.

'Yan wasa suka fito, suka gaisa, aka jefa kwabo. Na nemo lambar, na ɗora babban yatsa a kai. Tafin ƙafata na kan sifana. Tela na ta zuba, yana lissafa mini ƙwallayen bara ɗaya bayan ɗaya.

Aka hura usur. Na danna.

Karo na farko a shekara shida, ta shiga.

Na miƙe tsaye a kansa. "Fito da abin da ke aljihunka."

"Lafiyarka kuwa?"

"Na ce fito da shi."

Ya zura hannu yana kallona kamar mahaukaci, ya zaro tef ɗin awo a nannaɗe. Amma ƙarar tana nan, siririya, tana ta yi. Ba daga jikinsa take fitowa ba. Daga bayana take.

Ƙofar kicin ta buɗe. 'Yata ta fito riƙe da wata 'yar tsohuwar waya, cajata na reto a jikinta.

"Baba, a bayan rediyon Mama na tsince ta, na sa mata caji na kunna ta," ta ce, tana duban gilashin. "Wani ne ke kira. An rubuta Kocina."