Ambulan ɗin Maƙwabci

"Likita ce, ba a rubuta mata 'Uwargidan wane' a tsaya nan," in ji tsohon Hedimasta. Ya yage ambulan ɗin, ya ɗauki sabo.

Maƙwabciyarsa mai ɗinki tana zaune a kujerar baƙi, tana faɗo sunaye, yana rubutawa. Auren nata ne. Katunan gayyata suna wurin bugawa. Kyawun rubutunsa kaɗai ta zo nema. Shi kuwa ya taɓa neman aurenta bayan rasuwar mijinta, ta ce za ta yi tunani. Bai sake tayar da zancen ba, domin a wurinsa tunatarwa rashin ladabi ce.

Bai tambayi ko wane ne angon ba. Ya ba kowa muƙaminsa cikakke, ya ƙara "da iyalinsa" inda ya dace, bai taƙaita sunan kowa ba.

"Shi ke nan," in ji ta, tana tattara ambulan.

Ya yi gyaran murya. "Hajiya, akwai gyara. Ba don kaina nake faɗa ba, amma maƙwabcin da kuka haɗa katanga ba a tsallake shi, ko da ba a son zuwansa."

"Haba Malam, kai da ka haddace ƙa'ida! A ina ka taɓa ganin an aika wa ango kati? Na gama tunanin."

Hedimasta ya rufe alƙalaminsa a hankali, ya tambayi ranar.